Daga Bakin Asusu: Kafin Mu Rataya Dukiyarmu a Bango

 

Wannan karo zancenmu a kan abu ne ɗan ƙarami, wanda tsawonsa bai wuce yatsa ba: bis, ko sukuru kamar yadda ake ce masa a Jibiya da Katsina. Mun san wata za ta ce: "Yau kuma! Ina ruwan mace da bis, ai aikin kafinta ne." Mu ma haka munka ɗauka, sai da abin ya faɗo a kan ɗaya daga cikinmu.

Bara da kaka wata ƴar ƙungiyarmu ta aurar da ɗiyarta ta fari. Rabonta na shekara kaf ta sa cikin kayan ɗaki, ta ƙara da bashin jikka 30 daga asusu, wanda ta biya da cinikin ƙuli-ƙuli. Cikin kayan har da kabad na bango mai ƙofar gilashi, irin wanda ake yayi yanzu. Ranar jere duk muna nan. Kafinta ya zo da guduma, cikin ƴan mintoci ya kafa shi, munka jera tangaran da kuloli da kofuna, anka yi guɗa.

Cikin watan Agusta, bayan sallar isha'i, kabad ɗin ya rabu da bango ya kife a ƙasa. Ƙanwar amarya, yarinya ƴar shekara bakwai, a ƙarƙashinsa take shimfiɗa tabarmarta kullum. Ran nan Allah ya sa ɗigon ruwa ya kore ta zuwa wancan gefen ɗakin. Ba wanda ya ji ciwo, amma tangaran da gilashi ba abin da ya tsira.

Gari na wayewa rigima ta tashi. Dangin ango sunka ce amarya ce ta cika masa kaya. Uwar amarya ta ce kafinta ne ya yi ha'inci. Kafinta ya ce bangon ne ba ya da kirki. Magana ta fara ɗaukar zafi tsakanin surukai, sai shugabarmu ta ce mu je mu gani da idonmu, tun da gani ya kori ji.

Abin da munka tarar: bis huɗu, kowane tsawonsa santimita 4, suna maƙale a bayan kabad, kowane da ɗan guntun ice a bakinsa. A bango kuma ramuka huɗu, yaɓen suminti ya ɓare a kewayensu kamar ɓawon ƙwai, ƙasa na zubowa daga ciki. Ginin banko ne anka shafe da suminti, ga shi a ido kamar ginin bulo.

Shugaba ta ɗauki bis ɗaya ta nuna wa kafintan, ta ce: "Ɗana, don Allah wanga ɗan abu shi ka ba amanar kaya na jikka da jikka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce: "Inna, wallahi haka muke yi ko'ina. Kuma da na ce a ƙaro kuɗin dogon bis, cewa anka yi in yi da abin da ke akwai."

Uwar amarya ba ta musa ba. Nan munka gane kowa na da nasa kaso na laifi: mai kaya, mai aiki, da mu da munka tsaya muna guɗa ba wadda ta yi tambaya. Tun daga 1991 da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a nan jihar Maradi da tallafin CARE, an koya mana mu rufe akwatin asusu da kwaɗo uku, mabuɗai a hannun mata uku, kuma a ƙirga kowace dala a gaban kowa. Kuɗin da munka tsare haka, shi ne munka mayar kayan ɗaki munka rataya a kan guntayen ice huɗu.

Bayan wannan munka zauna da wani dattijon kafinta da wani magini, munka yi ta yi musu tambayoyi. Ga abin da munka samo.

Nauyin da bango zai ɗauka

Mu fara da lissafi, tun da shi munka iya. Kabad matsakaici shi kaɗai kan kai kilo 20. Farantan tangaran dozin biyu sun kai kilo 12. Tiya huɗu ta shinkafa kusan kilo 10 ce. Mai lita 5 ya haura kilo 4. Ƙara kuloli da tukwane, a ce kilo 8. In kin haɗa, an zarce kilo 50, wato an wuce buhun suminti guda. Wace ce cikinmu za ta yarda a rataya buhun suminti bisa kan ɗanta da ƙusa huɗu?

Kuma nauyin nan iri biyu yake aiki. Yana danna bis ƙasa, kamar zai karya shi. Yana kuma fizgo bis na sama waje, domin kabad ya turo gaba, kullum so yake ya kifo da ka. Ki riƙe bokitin ruwa jikin ƙirjinki, sannan ki miƙa hannu da shi gaba, za ki ji bambancin a kafaɗa. Shi ya sa bis na sama su ne ke shan wahala, kuma daga sama kabad ke fara rabuwa da bango. Gwargwadon zurfin kabad, gwargwadon fizgar. Santimita 30 zuwa 35 ya isa, kada a yi masa ciki kamar rumbu.

A san bango kafin a sayi bis

Dattijon nan ya ce mana: "Hajiya, bis ba ya riƙe komi, bango ne ke riƙe bis." Bangon gidajenmu iri huɗu ne: banko tsantsa, banko mai shafen suminti, bulo mai rami, da kankare ko bulo marar rami.

Gane su ba wuya. A tambayi wanda ya gina. In gidan haya ne, a ƙwanƙwasa: bulo mai rami na amsawa kamar ganga. In an fara huji a dubi ƙurar da ke fita. Toka-toka suminti ne, ja ko ruwan ƙasa kuwa banko ne, ko da fuskar bangon sumul take da fenti. In bakin huji ya shiga kaɗan sai ya zurma, an faɗa ramin bulo.

Abu guda da za mu riƙe: yaɓe ko filasta ba ya cikin lissafi. Kaurinsa santimita ɗaya ne zuwa biyu, fata ce kawai a kan bango. Duk bis ɗin da ya ƙare cikin yaɓe, ranar faɗuwa kawai yake jira.

Bangon kankare da bulo marar rami

Nan ne aiki ya fi sauƙi. Ana huda rami, a sa robar bango, sannan a ɗaura bis cikinta. Robar nan ita ce masu shagon kayan gini a Maradi ke ce wa shebil, a Nijeriya kuma fisha, daga sunan Artur Fischer, Bajamushen da ya ƙirƙiro ta a 1958. Yayin da bis ke shiga, robar na buɗewa ta cije jikin ramin. Cizon nan shi ne ƙarfinta.

A jikin kwalin bis akwai lamba biyu, misali 6×80. Ta fari kauri ce, ta biyu tsawo, duka da milimita. Milimita 80 santimita 8 ke nan, kusan tsawon babban yatsanmu na tsakiya. Roba ma da lambarta, kuma dole su dace:

Roba lamba 6 tana ɗaukar bis mai kauri 4 zuwa 5. Wannan ta madubi ce da agogo, ba ta kabad ba.
Roba lamba 8 tana ɗaukar bis 4,5 zuwa 6. Ta isa ƙaramar kanta da kabad marar nauyi.
Roba lamba 10 tana ɗaukar bis 6 zuwa 8. Ita ce ta kabad mai cin kaya.

Bakin hujin, wanda suke ce wa mesh, lambarsa ɗaya da ta roba: roba 10, mesh 10. In rami ya yi faɗi roba za ta yi ta juyawa, in bis ya yi siriri roba ba za ta buɗe ba.

Tsawon bis kuwa lissafi ne da kowa za ta iya yi a ka. A haɗa kaurin katakon da zai ratsa, da kaurin yaɓe, da tsawon roba, a ƙara ɗan rara kamar milimita 5 zuwa 10, don bakin bis ya zarce ƙarshen roba. Roba lamba 8 galibi tsawonta milimita 40 ne: katako 20, yaɓe 15, roba 40, rara 5, ya ba da 80. Roba lamba 10 galibi 50 ce: katako 20, yaɓe 15, roba 50, rara 10, ya ba da 95, sai a sayi na 100. A tura robar ta wuce yaɓe ta zauna cikin bulo, ko a sayi doguwar roba wadda ake saidawa haɗe da bis ɗinta, mai lamba 10×100.

Yanzu ku auna bis na santimita 4 da anka kafa kabad ɗin ɗiyarmu da shi. Katako ya cinye biyu, yaɓe ya cinye ɗaya da rabi. Rabin santimita kaɗai ya taɓa bango.

Bulo mai rami

Yawancin sabbin gine-ginenmu da shi ake yi, na 15 ko na 20. Fatarsa ba ta wuce santimita biyu zuwa uku ba, daga nan sai fili. Roba ta yau da kullum rabinta a iska take tsayawa. Akwai mafita uku. A nemi roba mai naɗewa, wadda ke dunƙulewa kamar ƙulli a bayan fatar bulo in an ɗaura bis. Ko a fasa ɗan rami inda bis zai zauna, a cika wurin da kwaɓin suminti mai ƙarfi, a bar shi aƙalla mako guda yana shan ruwa, sannan a huda. Ko a ratsa bangon gaba ɗaya da ƙarfe mai zare, kamar yadda za mu faɗa a kan banko.

In injin huji na da bugu, a kashe bugun a kan irin wannan bulo, don yana farfasa shi daga ciki. Kuma a gwada bulon da ƙusa. In kin karce shi yana zuba kamar gari, rairayi ya fi suminti yawa, sai a ɗauke shi tamkar banko.

Banko

Nan ne maganar ta fi shafarmu, domin yawancinmu a ginin ƙasa muke. A taƙaice: ba bis ɗin da ke riƙe kabad mai nauyi a banko, komi tsawonsa, komi tsadarsa. In roba ta buɗe, ƙasar ce ke marmashewa.

Dabarar da anka saba ita ce a fiƙe ice a buga cikin bango, a sa bis ko ƙusa a cikinsa. Ranar farko kamar dutse. Amma ice na kumbura da laima, yana ƙanƙancewa da bushewa. An kafa na ɗiyarmu da kaka. Hunturu ya zo ya busar da icen, bazara ta ƙara masa, ramin ya yi masa yawa. Damana ta sauka, bango ya sha ruwa ya yi laushi. Kowace buɗe ƙofa da rufewa na ƙara girgiza shi. Wata takwas ya ɗauka. Kuma duk wadda ta ga yadda gidajen banko sunka rushe a jihar nan da ruwan damanar 2024 ta san jiƙaƙƙen bango da ƙyar yake ɗaukar kansa, balle kayan wani.

Hanya mafi aminci ita ce a ba kabad ƙafa. A tsayar da katako biyu masu kauri ko ƙarfen kwana biyu daga ƙasa, a jingine su da bango, a ɗaura kabad a kansu. Nauyi ya sauka ƙasa, aikin bango kawai ya hana shi kifowa. Mai walda na iya yin wannan cikin yini guda. In katako ne, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa tsirara saboda gara: a ɗora ta kan dutse ko dandamalin suminti, a shafe ta da baƙin mai. Iyayenmu sun san dalilin da ya sa suke rufi da azarar giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi. Farin katakon kasuwa kuwa abincinta ne.

Hanya ta biyu, a ratsa bango da dogon ƙarfe mai zare, kauri milimita 10, ya fito ta waje, a sa masa faffaɗan ƙarfe ko katako kamar tafin hannu biyu, a ɗaure da noti. Ta haka kaurin bangon duka ne ke riƙo. A liƙe bakin ramin na waje da kyau don kada ruwa ya bi ƙarfen ya shiga. Wannan sai bango mai kauri, lafiyayye, marar tsaga. In bangon na maƙwabci ne ta ɗaya gefen, a nemi izininsa tukuna.

Mai sabon gini kuwa ta yi magana da magini tun ana aiki, ya zuba ɗamarar kankare daidai inda kabad zai zauna. Ranar jere sai a huda a sa roba kawai.

Wane bis za a saya

Akwai baƙin bis siriri mai kaifin baki, ya cika shaguna kuma ya fi araha. An yi shi ne don allon silin marar nauyi. Kaurinsa milimita 3,5 ne, ƙarfensa busasshe ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya ba gargaɗi, kuma yana saurin tsatsa. In kun gan shi a hannun mai kafa muku kabad, ku ce ya mayar aljihu. Araha ba ta ado.

A nemi mai ruwan zinari ko mai ruwan azurfa, wato wanda anka yi wa rufin hana tsatsa. In wurin na shan tururi da laima, akwai wanda ba ya tsatsa sam, ana rubuta A2 a kwalinsa, kuma mayen ƙarfe da ƙyar yake kama shi. Ya fi tsada, amma guda huɗu ko shida ne kawai ake bukata.

A dubi kan bis ma. Mai kai kamar mazurari nutsewa yake yi cikin katako, in katakon na garin katako ne da anka matse, wata rana sai kan ya ratsa ya fita ta baya, bis ya zauna a bango kabad ya tafi. A zaɓi mai faffaɗan kai, ko a sa masa zoben ƙarfe, wanda ake ce wa rondel ko washa. Na kabad mai nauyi sosai akwai tirfon, babban bis mai kai irin na noti, da sufana ake ɗaure shi: mai kauri 6 da sufana lamba 10, mai kauri 8 da lamba 13.

Bis ɗaurawa ake yi, ba a buga shi da guduma. Wanda anka buga ya zama ƙusa, zarensa ya yage robar, bai riƙe komi ba. In an ɗaura har ƙarshe yana ta juyawa bai tsaya ba, wurin ya lalace. Kada a yarda a cusa tsinken ashana ko leda a ce ya kama. A sake wani rami nesa kaɗan, ko a ƙara girman roba da bis.

Bayan kabad ɗin kansa

Tun wurin kafinta ki juya kabad ki dubi bayansa. Galibi allo ne siriri na milimita 3 zuwa 5 da anka maƙala da ƙananan ƙusoshi. Aikinsa tare ƙura da ƙadangare. In ta cikinsa anka sa bis, to allon zai zauna a bango, sauran kabad ya sauko. Dole a sami katako mai ƙwari, kauri santimita 2, faɗi kamar yatsa huɗu, kwance daga gefe zuwa gefe ta ciki a sama, haɗe da jikin kabad da gam da bis. Wani kuma a ƙasa. Ta cikinsu bis na bango zai bi.

Kabad da bai wuce mita ɗaya ba, bis huɗu ne mafi ƙaranci, biyu sama biyu ƙasa, in an ƙara na uku a sama ya fi. Wanda ya fi haka tsawo, a sa bis a sama duk bayan santimita 40.

Dattijon ya nuna mana wata dabara da ta burge mu. Ana tsaga katako guda a tsawonsa da yankan karkace, ya zama biyu. A kafa ɗaya a bango, ɗaya a bayan kabad, sai a ɗaga kabad a saƙala, su shiga juna. Nauyi na bazuwa a tsawon katakon duka, kuma ranar tashi daga gidan haya ɗagawa kawai za a yi.

Ranar kafawa

Kada a huda daidai saman makunnin wuta ko soket, ko daidai ƙasansu, domin nan wayar kuran ke bi cikin bango. A kashe wuta daga kan mita kafin a fara. In babu kuran ba za a rasa injin huji ba, akwai mai batir, a nemi mai shi.

A nisanci kusurwa da bakin ƙofa ko taga da aƙalla santimita 10. A huda cikin jikin bulo, kada a bi layin kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo. A hure ƙurar ramin kafin a sa roba, don ƙura na sa ta sulɓi. In babu ma'aunin daidaito, siririn tiyo mai gani-har-hanji da ruwa a ciki ya isa: ruwan bakin nan da na wancan kullum tsayinsu ɗaya.

Tsakanin tebur da ƙasan kabad a bar santimita 50 zuwa 60. Kada a kafa shi bisa murhu ko gas, zafi da tururi na sakin gam suna kumbura katako. Kuma ko da ya kafu kamar dutsen Zinder, kada a yi wa yaro shimfiɗa a ƙarƙashinsa.

In an gama, kada a jera tangaran ran nan. A sa abin da ba ya fashewa, kamar tiya goma ta hatsi a ƙananan buhuna, a ja layi da alli a bango daidai saman kabad, a bar shi kwana biyu. In layin ya bayyana sama da inda yake, ko wuƙa na shiga tsakanin kabad da bango ta sama, ko an ga garin ƙasa a ƙarƙashi, a sauke. In lafiya, a jera: masu nauyi a kantar ƙasa kuma can ciki jikin bango, marasa nauyi a sama. Buhun shinkafa da jarkar mai wurinsu ƙasa. A riƙa duba layin nan sau biyu a shekara, ƙarshen hunturu da tsakiyar damana.

Abin da ƙungiyarmu ta yanke

Rigimar surukai ta mutu a zaman da munka yi. Kafinta ya gyara kabad ya yi masa ƙafafun ƙarfe bai karɓi kuɗin aiki ba. Uwar amarya ta sayi ƙarfen. Asusun taimako ya ba da abin da anka mayar da rabin farantan. Da munka yi lissafi, bambancin kuɗin gajeren bis da na aikin ƙwarai bai kai kuɗin faranti uku ba.

Daga nan munka sa wa kanmu doka huɗu. Duk wadda za ta ci bashi don kabad ko kanta, a lissafa kuɗin kafawa cikin bashin tun farko, don kada a zo ƙarshe a ce wa mai aiki ya yi da abin da ke akwai. Ranar kafawa mata biyu na ƙungiya za su tsaya, su ga bis da roba a tafin hannu kafin su shiga bango. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aiki sai bayan gwajin kwana biyu, kuma a faɗa wa mai aiki haka tun wurin ciniki, ba bayan ya gama ba. Sannan duk wadda za ta Maradi ran Litinin ko Juma'a, a haɗa mata saƙo ta sayo kwali guda a raba, ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi.

Tambaya uku ce munka haddace, ku ma ku riƙe: Malam, wane irin bango ne wannan? Santimita nawa na bis zai shiga bangon bayan an cire katako da yaɓe? Ta wane katako zai bi a jikin kabad? Mai aikin ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan, daɗi ma yake ji an san darajar aikinsa. Wanda ya ce "Hajiya, ke dai bar mini", ki ce masa kin bar masa aikin, amma kayan naki ne, yaran da ke ɗakin ma naki ne.

Kaka ta ƙarato, bukukuwa za su fara. Kafin nan, yau in kin koma gida, ki sa hannu a saman kabad ko kantar da ke ɗakinki ki ɗan ja ta. In ta motsa, sauke kayan tun kafin dare, ki kawo maganar wurin zubi na wannan mako.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka cikin abin da muke tarawa. Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.